ALLON ZAMANI: ƘARAMI SABO KO BABBA NA HANNU?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Magariya da Dungas, duk shekara idan kaka ta yi, aka kai wake da riɗi da gyaɗa kasuwa, kuɗi suka ɗan zauna a aljihu, kowa yakan tuna da abin da ya daɗe yana so. Da can akwatin rediyo ne, ko keke, ko agogon hannu. Daga baya babur ya zo, salula ta biyo. Yanzu kuma an fara jin sunan wani abu da masu sayarwa ke kira tablet. Mu a nan allon zamani za mu ce masa, domin da allo ya yi kama: shafaffe ne mai kusurwa huɗu, ana riƙe shi a hannu, ana karatu da rubutu a kansa. Ya fi salula girma, bai kai kwamfuta ba.

Da yawa daga cikinku sun riga sun gan shi a hannun ma'aikatan da ke zagaya garuruwa suna rubuta sunayen magidanta da yawan iyalinsu, ko a hannun ɗan gari da ya dawo hutu daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Abin da ya sake shi ne, yau mutumin karkara ma ya fara tambayar kuɗinsa. Sakataren ƙungiyar masu lambu yana so ya huta da rubuta bashin taki da iri a kaye wanda gara ke ci. Malamin yaƙi da jahilci yana so ya nuna wa ɗalibansa baƙaƙe manya-manya. Uba yana so ya saya wa ƴarsa da ta shiga lise.

To, duk wanda ya tafi saye, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya ƙetara iyaka ta Tinkim ya gangara Kano kasuwar waya ta Farm Centre, abu guda zai tarar. Mai shago zai ajiye masa allo biyu a kan tebur. Ɗaya ƙarami ne, sabo fil a cikin kwalinsa. Ɗaya babba ne, na hannu, wato okaziyo, wanda wani ya yi shekaru yana aiki da shi a ƙasar waje kafin a kawo mana. Kuɗinsu kuwa sau da yawa ba su da nisa da juna. Nan ake tsayawa ana sosa ƙeya.

Mutumin da ya saba sayen rago a kasuwar Maigatari ya san cewa in kuɗi ɗaya ne, babban ake ja. Amma shi wannan mutumin ba ya ƙirga kuɗi sai ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora. Allon zamani ma yana da nasa haƙoran, sai dai a ɓoye suke.

GIRMAN DA IDO KE GANI

Domin magana ta fito fili, bari mu ɗauki allo biyu na kamfani ɗaya, Samsung. Ba talla muke yi musu ba, misali ne kawai. Ƙaramin sunansa Galaxy Tab A9, ya fito a ƙarshen 2023. Babban sunansa Galaxy Tab A7, ya fito a 2020.

Ana auna fuskar allo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. Fuskar ƙaramin inci 8.7 ce, wato santimita 22. Ta babban inci 10.4, wato santimita 26 da ɗoriya. Wani zai ce, a kan santimita 4 ake wannan dogon zance? Manomi ya fi kowa sanin amsar. Idan aka ƙara wa gona taki kaɗan a tsawo, aka ƙara kaɗan a faɗi, abin da ya ƙaru a ciki yana da yawa. Filin fuskar babban ya fi na ƙaramin da kusan kashi 43 cikin 100.

Ba a nan kaɗai tsohon ya yi gaba ba. Hoton da ke kan fuska, ƙananan ɗigo-ɗigo ne suka taru suka yi shi. Babban yana da ɗigo 2000 a tsawo, 1200 a faɗi. Ƙaramin 1340 da 800 gare shi. Ke nan rubutu ya fi fita tangaran a kan tsohon. Bakin magana kuma huɗu ne a jikinsa, ƙaramin biyu. Saboda haka kada wani ya ce muku tsoho ba shi da abin kirki.

Shi ƙaramin, nauyinsa giram 332 ne, babban kuwa 476, ya kusa rabin kilo. Injinsa ya fi sauri. Ƙwaƙwalwarsa ta aiki giga 4 ce, ta babban 3. Rumbun ajiyarsa daga giga 64 ya fara, na babban daga 32. Dukansu biyu suna karɓar katin memori. Kuma duk ƙanƙantarsa, filin fuskarsa ya yi biyun na babbar salula irin wadda samari ke riƙewa.

IDO NAWA ZA SU KALLA?

Kafin a taya, sai mai saye ya tambayi kansa: ido nawa za su kalli wannan allo, kuma a ina?

Idan ido biyu ne, mai su kuma kullum yana kan hanya, zance ya yi sauƙi. Ɗan kasuwar da ke bin kasuwanni a kan babur, yau Bande, gobe Sassumburum, jibi Waca ko Guci, da malamin gona, da mai yi wa dabbobi allura, duk ƙaramin ne nasu. Yana shiga ƴar jaka, ana riƙe shi da hannun hagu a rubuta da dama, mutum yana tsaye. Babban sai da hannu biyu, ko a ɗora shi a gwiwa. Wanda kuma ya san yashin hanyar Dogo-Dogo ko ta Malawa ya san babur ba ya rasa faɗuwa. Gilashi mai faɗi ya fi saurin tsagewa, in ya tsage kuma ba kowane mai gyara ke da madadinsa ba. Sai an kai shi Damagaram, kusan kilomita 90 daga Magariya, ko an aika Kano, a can ma in samfurin ya tsufa sai an yi ta cigiya.

Idan kuwa taro ne, babban ya ci. Ku ɗauki ajin yaƙi da jahilci na mata a inuwar gawo, ko ƴan ƙungiya da suka taru bayan la'asar don su ga bidiyon yadda ake adana wake a buhu mai ninki uku ba tare da magani ba. Irin waɗannan bidiyo na aikin gona akwai su da Hausa, kamar waɗanda ƙungiyar Access Agriculture ke rarrabawa. A kan ƙaramin allo mutum uku ne za su gani sosai, sauran sai leƙe ta kan kafaɗa. A kan babban biyar ko shida za su gani, na baya kuma su ji murya. Kada dai a ruɗi kai: allo mai inci 10 ba telebijin ba ne. In mutum 20 ne, dole a raba su kashi-kashi.

Akwai kuma maganar ido. Mutum in ya haura shekara 40, ƙananan baƙaƙe sukan fara guje masa. Ana iya ƙara girman rubutu a kan kowane allo, amma a kan ƙaramin, in an ƙara, kalma uku ko huɗu sun cika layi. Harshenmu kuma yana da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ɗalibin da ke koyon raba "dari" da "ɗari", ko "kofa" da "ƙofa", yana bukatar ya ga ƴar lanƙwasar nan da kyau. Maɓallan rubutu ma a kan babban sun fi faɗi, yatsan da ya sha ƙotar hauya ba ya danna biyu a lokaci guda.

Duk da haka, akwai wani abu da ya faru a jiharmu wanda ya kamata mu tuna. Daga 2009 zuwa 2011 ƙungiyar CRS ta gudanar da ajin yaƙi da jahilci a garuruwa fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram. A rabinsu an koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar salula mai maɓallai, suna karɓa-karɓa a tsakaninsu. Da aka yi jarrabawa, masu salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Fuskar waɗannan salula ba ta wuce kwalin ashana ba. Abin da ya taimaka shi ne, tana hannunsu, tana da wuta, suna aika saƙo da ita bayan an tashi daga aji. Allon da batirinsa ya mutu tun hantsi ba ya koya wa kowa komai, komai girmansa.

HAƘORAN FARKO: BATIR

Ana rubuta ƙarfin batir da lamba, a bayanta a sa mAh. Na ƙaramin 5100 ne, na babban 7040. Mai shago zai nuna muku wannan lamba, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai lambar ta ranar da aka ƙera shi ce.

Batir kamar randa ce wadda ke ƙanƙancewa a hankali. Duk cikawa da zubarwa yana rage ta. Kamfanin Apple ya ce an yi batirin allonsa, iPad, domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 1000 cikakku. Wanda ke caji kullum zai cika 1000 kafin shekara uku. To, ku yi lissafi da kanku. In batir mai 7040 ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu, saura 5280. Ya dawo daidai da na ƙaramin sabo ke nan, alhali fuskar da zai haskaka ta fi faɗi, fuska kuwa ita ce babbar mai shan wuta. Shi ya sa za ku ga babban allo na hannu yana mutuwa kafin ƙaramin.

Zafin ƙasarmu yana ƙara wa abin sauri. Apple ya rubuta cewa a yi aiki da allonsa tsakanin digiri 0 da 35. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce 40 a inuwa. Allon da aka bari a rana, ko a ɗakin kwano, ko ake caji ana kallo a kansa da tsakar rana, batirinsa ba ya daɗewa. Wani ma yakan kumbura har ya ɗaga gilashi. Duk allon da kuka ga bayansa ya yi tozo, ko gefen gilashinsa ya rabu da jiki, kada ku karɓe shi ko kyauta ne, domin irin wannan batir yana iya kama wuta. A ɗakin zana da bunu, wannan ba abin wasa ba ne.

Ba a cire batirin allo da hannu kamar na ƙananan salula. Manne yake a ciki, sai mai gyara ya buɗe da zafi. Saboda haka wanda ya ƙudura sayen babba na hannu, ya tambayi mai gyara tun kafin saye ko ana samun batirinsa, nawa ne kuma, ya ɗora wannan kuɗi a kan farashi. Sau da yawa a nan arahar ke ƙarewa.

INA KURAN?

A Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da kuran a gida, yawancinsu kuma a birni suke. Inda layin NIGELEC ya kai ma, ba mu manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya saboda takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai a 2024. A ƙauyuka, mai caji na bakin kasuwa da pano na hasken rana su ne madogara.

Cika babban allo mai lafiyayyen batir daidai yake da cika ƙananan salula bakwai, irin masu batir 1000. Ƙaramin kuwa biyar. Mai caji ya san wannan, ba zai karɓi kuɗin salula ɗaya ba. A gida, pano mai wat 10 a rana mai kyau zai ɗauki kamar awa 3 kafin ya cika ƙaramin, babban kuwa awa 4 zuwa 5. In hazo ya sauka da hunturu, ko hadari ya rufe sama a Agusta, sai a ƙara. Ga salular maigida da ta uwargida da fitilar dare duk suna jiran pano ɗaya.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun fara sa allon zamani a ƙananan asibitocin karkara tun 2014, tare da ƙungiyar Terre des hommes, domin ya taimaki ma'aikaci wajen duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Abin ya bazu zuwa asibitoci fiye da 1000. Amma ba allon kaɗai aka ajiye aka tafi ba, an tanadi hasken rana na caji da masu kula da gyara. Ƙungiyar ƙauye da ta zuba dukan kuɗinta a allo, ba ta bar na pano ba, ta sayi doki ne ba ta tanadi harawa ba.

HAƘORAN BIYU: MANHAJA

Wannan shi ne tsufan da ya fi ɓuya, domin allo yana iya zama fes, babu ko ƙwarzane, amma kwanansa ya ƙare.

A cikin kowane allo akwai babbar manhaja, ita ce ke tafiyar da komai. Ta Samsung da Tecno da itel da Infinix sunanta Android. Kowace shekara ana fitar da sabuwa, da lambarta. Kamfani yakan yi ƴan shekaru yana aika wa allonsa sabuwar, daga nan ya daina. Babban namu na 2020 ya fito da Android 10, aka kai shi 12, aka tsaya. Ƙaramin da 13 ya fara, an kuma ci gaba da ɗaga shi.

Ranar da aka daina aika sabuwa, allo ba ya mutuwa. Yana nan yana aiki. Amma ƙananan manhajoji da muke amfani da su, kamar ta saƙo da ta aika kuɗi da ta cika takardun ma'aikata, kullum gaba suke yi, sai wata rana su ce ba su san shi ba. Haka ta faru da masu Android 4.4: Google ya janye musu tallafinsa a 2023, WhatsApp ma ba ya aiki a kansu yanzu. Manyan alluna masu inci 9 da 10 na wajen 2014 da 2015 suna nan a kasuwa da araha mai daɗi, wasunsu kuwa a kan wannan lamba suka tsaya. Ga manomi wannan ba ƙaramar asara ba ce, tun da ta WhatsApp ɗin ne ake jin farashin kasuwanni, ta nan ne ɗan da ya tafi ci-rani ke aiko murya, ta nan ne kuma RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ke watsa shawarwari da Hausa a kan ƙwari da iri da magani.

Haka abin yake ga iPad. Wanda ya fito a 2011, mai suna iPad 2, a lamba 9 ya tsaya. iPad Air 2 na 2014 a 15 ya tsaya. Ku sani kuma WhatsApp bai shigo iPad ba sai a watan Mayu na 2025, shi ma sai an haɗa shi da salular da ke da lambar.

Android 12 har yanzu tana ɗaukar yawancin manhajoji, saboda haka babban namu na misali bai mutu ba tukuna. Amma shekarun da suka rage masa ba su kai na ƙaramin ba. Sai a raba kuɗin da shekaru. A ce duka biyu kuɗinsu ɗaya: in wannan zai yi shekara 4, wancan 2, to wancan ya ninka wannan tsada.

YANA CIN SIM KUWA?

Kusan kowane samfuri iri biyu ake yinsa: mai cin sim, da wanda sai da Wi-Fi. A ido ba a raba su, sunansu ma ɗaya. Na hannun da ake kwasowa daga ƙasashen waje, da yawansu na Wi-Fi ne, domin can a gida da lakwal ake aiki da su. A Yekuwa ko Kwaya ko Ɗan Ciyawo, wa zai ba ka Wi-Fi? Sai dai ka ara daga salula, batir biyu suna ƙonewa a kan aiki ɗaya.

Ba a ce marar sim ba shi da amfani ba. Tun 2014 gidauniyar Orange ta fara ba wasu lakwal na Nijar da na wasu ƙasashe akwati mai ɗauke da alluna da wata ƴar na'ura cike da littattafai, yara suna karatu babu intanet. Malamin aji ma zai iya loda darussa da bidiyo a katin memori ran da ya shiga gari, ya koma ya yi wata guda yana koyarwa. Amma wanda zai aika rahoto ko ya karɓi kuɗi, dole mai sim.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin dalili. A wani garin rezo na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms ke kamawa, a wani garin sai na Najeriya. Akwai allon da aka ɗaure shi da kamfanin waya guda na ƙasar da ya fito, in ka sa naka sim sai ya ƙi. Sabo ma yana da nasa tarkon. Ƙaramin iPad mini na 2024, mai inci 8.3 da nauyin giram 293, kyakkyawan abu ne, kuɗinsa a Amurka lokacin da ya fito dala 499, wato kusan jika 300 na sefa a canjin wancan lokaci, kafin sufuri da duwan. Mai layinsa ya fi haka tsada, kuma ba shi da ramin sim ko kaɗan, sai sim na cikin manhaja da ake kira eSIM. Wanda zai saye shi ya fara tambayar kamfanin layinsa ko yana ba da irin wannan.

ABIN DA YA SAMI MAI WANNAN RUBUTU

Masu ƙera alluna sun sa musu makulli saboda ɓarayi. In an goge allo ba tare da mai shi ya cire asusunsa ba, da an kunna sai ya nemi suna da kalmar sirri ta mai shi na farko. Dabara ce mai kyau, amma takan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ni kaina ta faɗa mini. Na ba wani ƙanena saƙo da zai yi tafiya, na ce ya samo mini babba, domin idona ya fara gajiya. Ya kawo shi a naɗe, fari tas, mai shago ya goge shi ya ce an mai da shi sabo. Muka kunna a gida, yara sun kewaye ni, sai ga shi yana tambayar sunan wani mutum da ban san ko a wace ƙasa yake ba. Aka koma wa mai shago, ya ce lafiya lau ya sayar. Babu takarda, babu shaida. Wani mai gyara ya karɓi kuɗi ya buɗe shi, ya yi wata biyu yana aiki, ya sake rufewa. Kuɗin awaki biyu ne suka tafi. Laifina ne, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Saboda haka a je da kai, a je da sim, a je kuma da yaron da ya iya. Kada a yarda da gaggawar mai shago. In na hannu ne, a sa shi ya goge allon a gabanku, ya kunna shi har ya kai inda ake aiki, ba tare da ya nemi sunan kowa ba. A sa sim, a ga rezo ta kama, a shiga intanet. A buɗe wurin saiti a karanta lambar Android da girman rumbu da ido, kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali, domin akwai alluna marasa asali da ke ɗauke da manyan lambobi na ƙarya. A buɗe farin shafi a nemi tabo, a ja yatsa a kowane lungu na fuska. Sannan a duba lambar batir, a ƙure haske, a saki bidiyo minti 20, a zauna a sha ruwa. In batir ya zube da yawa a wannan ɗan lokaci, kun ga haƙoran.

TO, WANNE?

Ra'ayinmu shi ne, mutum ɗaya mai yawo, ko ɗalibi, ko gidan da pano ɗaya ke ɗauke da kowa, su ɗauki ƙarami sabo mai cin sim. Yana da garanti, batirinsa ba wanda ya sha shi, shekarunsa suna gaba.

Aji da ƙungiya da dattijo mai raunin ido suna da hujjar neman babba. Amma kada ya wuce shekara 3 ko 4 da fitowa, kuma a tabbata ana samun batirinsa da gilashinsa. In wanda aka ajiye muku ya girmi haka, gara a dawo da kuɗin gida a jira kuɗin rake da kayan lambu na rani, a ƙara a sayi babba sabo. Akwai su: Galaxy Tab A9+ mai inci 11 ya fito tare da ƙaramin a 2023, itel da Infinix da Tecno ma sun fitar da manya masu cin sim a kan kuɗi mai dama-dama.

Ga ƙungiyoyi akwai sauran aiki bayan saye. A zauna taro a tsai da wanda zai riƙe allon, da inda za a yi masa caji, da wanda zai biya in ya fashe. A buɗe asusun da sunan ƙungiya, kada a buɗe shi da sunan ɗan sakatare wanda gobe zai tafi ci-rani Legas ko Agadas da kalmar sirri a kansa. A rubuta kalmar a takarda biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da kwanan wata, da lambar jikin allon wadda ake kira IMEI. A kan mai cin sim tana fitowa in an danna *#06#. Kaye kuma kada a jefar da shi. Duk ƙarshen wata sakatare ya kwafe bashin taki da iri a cikinsa, ma'aji ya sa hannu.